Minti 13 da Suka Ɓatar da Masar Daga Intanet: Nazarin Janye Hanyoyin BGP a Janairun 2011

Da ƙarfe 12:12 na daren Alhamis wayewar Juma'a, 28 ga Janairun 2011, agogon Alƙahira, kamfanin Telecom Egypt ya fara janye shelar adiresoshinsa daga intanet, wato sanarwar da ke nuna wa sauran cibiyoyi hanyar isa gare shi. Ba a cika minti ɗaya ba kamfanin Raya ya bi sahu. Link Egypt ya fara nasa da 12:17, Etisalat Misr da 12:19, sai Internet Egypt da 12:25. Kamfanin Renesys na Amurka, wanda sana'arsa a lokacin ita ce sa ido kan hanyoyin intanet, ya ƙirga hanyoyi kusan 3,500 da aka janye a wannan dare. Kafin gari ya waye, kusan kashi 90 cikin 100 na cibiyoyin Masar, ƙasar da a lokacin ke da mutum sama da miliyan 80, sun ɓace daga taswirar duniya.

Babu kebul ɗin da ya tsinke a teku, babu kuma ɗan kutsen da ya shigo daga waje. Masu adiresoshin ne da kansu suka daina faɗa wa duniya inda suke, bisa umarnin gwamnatin Hosni Mubarak, kwana uku bayan fara zanga-zangar 25 ga Janairu. Kafin wannan dare an riga an toshe Twitter da Facebook, amma mutane sun yi ta zagaye toshiyar ta wasu sabobin waje. Da hukuma ta ga rufe tagogi bai yi ba, sai ta ɗauke gidan gaba ɗaya.

Shela da janye shela

Intanet tarin cibiyoyi ne dubu-dubu, kowace da lambarta da ake kira lambar AS. Ta Telecom Egypt ita ce 8452, ta Link Egypt 24863. Kowace cibiya tana da rukunan adiresoshi da hukumar rajista ta yankinta ta ba ta. Masar, kamar Najeriya da Nijar da Sudan, a ƙarƙashin AFRINIC take. Ƙasashen Larabawa na gabas kuwa, irin su Saudiyya, Iraƙi, Jodan da Yaman, RIPE NCC ce ke ba su.

Mallakar adireshi kaɗai ba ta kawo saƙo. Dole cibiya ta yi shela ga maƙwabtanta cewa duk mai neman adiresoshi kaza ya biyo ta nan, su kuma su ƙara lambarsu a kan shelar su miƙa gaba. Ƙa'idar da rautoci, wato na'urorin da ke zaɓa wa saƙo hanya, ke amfani da ita wajen wannan magana ita ce BGP. Wanda ya san tashar mota ya san aikin: ɗan kamasho yana kiran "Gusau! Gusau!" fasinja ya nufi motar. Ranar da duk 'yan kamashon tashar suka yi shiru da kiran Gusau, garin yana nan, titin yana nan lafiya, amma fasinja bai san motar da zai shiga ba.

Rautoci biyu maƙwabta suna riƙe da zance a kan ƙa'idar haɗi ta TCP, ƙofa mai lamba 179, kowace tana aika ɗan gajeren saƙon "ina nan" lokaci-lokaci. A na'urorin Cisco, idan ba a canza saitin ba, ana aika shi duk daƙiƙa 60, idan kuma daƙiƙa 180 suka wuce babu motsi sai a ɗauka maƙwabciya ta mutu, a goge duk hanyoyin da aka koya daga gare ta. Saboda haka hanya uku ce injiniya zai bi ya ɓatar da cibiyarsa. Zai iya rufe zance da maƙwabciyar da layin umarni ɗaya. Zai iya sa matacin da zai hana shelar fita. Zai iya kuma kashe na'urar ko zare igiyar gilashin, ya bar agogon jira ya ƙarasa aikin. Ko wacce ya bi, abin da duniya ke gani iri ɗaya ne: saƙon janyewa.

Janyewar ba ta gama gari nan take. Rautar da ta rasa hanya takan lalubi wata da ta taɓa ji daga wata maƙwabciya, ta yi shelarta, sannan ta gano ita ma matacciya ce, ta koma ta uku. Wannan lalube yakan ɗauki 'yan mintoci, kuma shi ya sa ma'ajiyun bayanan BGP, irin su RIS na RIPE NCC da RouteViews na Jami'ar Oregon, suka nuna guguwar saƙonni a wannan dare kafin komai ya lafa. Da ya lafa, injiniya a Farankfot ko Legas da ya tambayi rautarsa hanyar wani adireshin Alƙahira, amsa ɗaya za ta ba shi: babu wannan cibiya a teburin hanyoyi. Manyan rautocin duniya ba su da hanyar "in an rasa a bi nan". Abin da babu shi a tebur, zubar da shi suke yi. Ko da mutumin Alƙahira ya samu saƙonsa ya fita, amsar ba ta san hanyar gida ba.

Abin da tazarar mintocin ke nunawa

An daɗe ana cewa Masar ta danna wani maɓalli guda. Jerin lokutan bai goyi bayan haka ba. Da na'ura ɗaya aka kashe, da hanyoyin sun faɗi tare, ko cikin tazarar agogon jira. A nan kamfanoni biyar ne suka fita ɗaya bayan ɗaya cikin minti 13, wasu kuma sun ɗauki mintoci suna sauke nasu. Masu nazari a Renesys sun karanta wannan a matsayin alamar umarni da ya riƙa isa ga kamfanoni bi da bi, kowane ɗakin injiniyoyi yana aiwatar da nasa. Mu ma haka muke karanta shi.

Umarnin yana da madogara a doka. Sashe na 67 na Dokar Sadarwa mai lamba 10 ta 2003 ya ba hukumomin ƙasa ikon karɓe ragamar cibiyoyi da ayyukan sadarwa idan an shiga bala'i, ko shirin yaƙi, ko wani lamari da ya shafi tsaron ƙasa. Kamfanin Vodafone ya fito fili ya ce an umarci kamfanonin waya su dakatar da aiki a wasu yankuna, kuma doka ta wajabta musu bi. An dawo da kiran waya a ranar 29 ga wata, intanet kuwa ya ci gaba da zama a rufe.

Amma doka ita kaɗai ba ta isa ta sa aikin ya yi sauri haka ba. Abin da ya sauƙaƙa shi shi ne ƙirar cibiyoyin ƙasar. Lasisin fita waje yana hannun kamfanoni 'yan ƙalilan. Igiyoyin ƙasa da tashoshin da kebul ɗin teku ke sauka suna hannun Telecom Egypt, wanda a lokacin gwamnati ke da kashi 80 cikin 100 na hannun jarinsa. Ƙananan kamfanoni, bankuna, jami'o'i da masana'antu duk a bayan waɗannan manya suke raɓe. Jami'in da ke son rufe ƙasar bai buƙatar lambar waya ɗari, biyar ko shida sun wadatar.

Akwai wani abu da ya kamata a lura da shi sosai. Masar mashigi ce tsakanin Turai da Asiya: a lokacin, kebul irin su SEA-ME-WE 3, SEA-ME-WE 4 da FLAG suna shigowa ta Bahar Rum, su ratsa ƙasa, su fita ta Bahar Maliya. Duk tsawon kwanakin rufewar, bayanan da ke wucewa daga Landan zuwa Mumbai ko Dubai sun ci gaba da gudu ta ƙarƙashin ƙasar Masar ba tare da tangarɗa ba. Hasken da ke cikin gilashin bai mutu ba. A matakin shela aka yanke 'yan ƙasa. Sai a kwatanta da 30 ga Janairun 2008, lokacin da SEA-ME-WE 4 da FLAG suka tsinke kusa da Iskandariya: Masar ta rasa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin haɗinta da waje, Indiya da ƙasashen Tekun Fasha ma suka ji a jikinsu, amma BGP ya karkatar da abin da zai iya ta sauran hanyoyi, intanet ya yi ta jan ƙafa bai mutu ba. A 2008 ƙa'idar ta yi aikin ceto. A 2011 ita aka yi amfani da ita wajen yankewa, kuma ta yi aikinta daidai yadda aka tsara ta.

Kamfanin Noor

Cibiya ɗaya ta rage a tsaye. Noor, mai lamba 20928, ƙaramin kamfani ne idan aka auna shi da Telecom Egypt, amma abokan cinikinsa manya ne, cikinsu har da kasuwar hannun jari ta Masar. Renesys ya ga dukkan hanyoyinsa 83 suna nan, suna fita ta kamfanin Telecom Italia kamar kullum. Kwana huɗu duk wanda ke da layin Noor, ko ya san wani ofishi ko otal mai shi, yana iya magana da duniya.

Da daren Litinin, 31 ga Janairu, shi ma ya janye.

Darasi biyu ne a nan, kuma ba su tafi hanya ɗaya ba. Na farko, Noor ya tsira a daren farko ne domin yana da lambar AS tasa, adiresoshinsa, da yarjejeniyarsa da kamfanin waje. Da a bayan Telecom Egypt yake raɓe, da ya tafi tare da shi tun 12:12 ko an so ko ba a so. Na biyu, wannan 'yanci na fasaha bai kare shi daga umarni ba. Abin da ya samar shi ne jinkiri, da kuma tilasta wa hukuma ta sake yanke shawara ta daban a kansa. Kada a raina wannan. Kwana huɗu a irin wannan mako ba ƙaramin abu ba ne, kuma kowace ƙarin ƙofa ƙarin kiran waya ce, ƙarin mutumin da zai iya jan ƙafa ko neman takarda a rubuce.

A tsakanin, mutane sun koma tsohon yayi. Ƙungiyoyi a Turai, irin su French Data Network da Telecomix, sun buɗe lambobin waya da mai tsohon modem zai kira ta layin ƙasa ya shiga intanet a hankali. Google da Twitter da SayNow sun fito da lambobin da mutum zai kira ya bar saƙon murya a wallafa masa. Waɗannan sun fitar da labari, amma ba su ɗauki nauyin banki ko ofishin sayar da tikitin jirgi ba.

Da hantsin Laraba, 2 ga Fabrairu, wajen ƙarfe 11:30, shelar ta dawo kusan gaba ɗaya. Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ta ƙiyasta asarar kai tsaye a kan dala miliyan 90, wato miliyan 18 a kowace rana, ban da asarar kamfanonin da ke yi wa ƙasashen waje aiki ta waya da kwamfuta. Mubarak ya sauka ranar 11 ga Fabrairu. A watan Mayu wata kotun gudanarwa ta ci tararsa, shi da tsohon firayim minista Ahmed Nazif da tsohon ministan cikin gida Habib al-Adly, jimillar fam miliyan 540 na Masar saboda yanke sadarwar.

Maƙwabta sun lura. Libiya ta janye hanyoyinta na 'yan sa'o'i a daren 18 ga Fabrairu, amma a farkon Maris ta sauya salo: ta bar shelar a tsaye, ta shaƙe bayanan daga ciki. Mai kallon teburin BGP kaɗai zai ɗauka lafiya lau. Siriya ta ɓace ranar 29 ga Nuwamban 2012. Sudan ta rufe intanet ɗin waya sama da wata guda daga Yunin 2019. Don haka duk mai sa ido a yau dole ya haɗa ma'auni uku: teburin hanyoyi, gwajin aika saƙo a ga ko adireshi zai amsa, da yawan bayanan da ke fitowa daga ƙasar.

Abin da RPKI ke karewa, da inda ya tsaya

A wannan watan na Janairun 2011 ne RIPE NCC ta fara ba da takardun shaidar RPKI, tsarin tantance wanda ke da ikon shelar adireshi, kuma tun daga nan aka ɗora yawancin maganar tsaron hanyoyi a kansa. Cutar da yake magani daban ce. Ranar 24 ga Fabrairun 2008, Pakistan Telecom ya yi shelar wani yanki na adiresoshin YouTube domin toshe shafin a cikin gida, shelar ta zille ta kamfanin PCCW na Hong Kong, YouTube ya ɓace wa duniya kusan sa'a biyu. Wannan ɗan kamasho ne mai kiran garin da motarsa ba ta zuwa.

Maganin kashi biyu ne. Mai adireshi ya shiga shafin hukumar rajistarsa ya sa hannu a kan shaida da ake kira ROA, mai ɗauke da abu uku: rukunin adireshi, lambar AS da aka yarje wa shelarsa, da iyakar ƙanƙantar yankin da za a iya yankowa daga ciki. A ɗaya ɓangaren, mai karɓar shela ya kafa manhajar tantancewa, kamar Routinator, FORT ko rpki-client, wadda ke jawo shaidun daga hukumomin rajista biyar ta miƙa wa rauta. Rauta sai ta raba shela gida uku: ingantacciya, gurɓatacciya, da wadda ba a san matsayinta ba. Gurɓatacciya ake jefarwa. Wadda ba a sani ba karɓarta ake yi, domin har yanzu akwai adiresoshi masu yawa da ba a yi musu shaida ba.

Kurakuran da ake yawan gani sanannu ne. Kamfani mai /16, wato babban rukunin adireshi, ya sa iyaka har /24, wato ƙaramin yanki, don kada ya sake komawa shafin, alhali /16 kaɗai yake shela. Ya buɗe wa ɓarawo ƙofar yin shelar ƙaramin yanki da jabun lambarsa a ƙarshen hanya, kuma a intanet ƙaramin yanki ne ke rinjaye. Wani ya yi shaida ga babban rukuni ya manta da abokan ciniki da ke shelar yankuna daga ciki da lambobinsu, ya wayi gari ya gurɓata su da hannunsa. Wani ya kafa manhajar tantancewa guda ɗaya tak. Ranar da ta faɗi, komai ya koma "ba a sani ba", kariyar ta tafi babu wanda ya ji ƙara. Biyu ake kafawa, a wurare daban, zai fi kyau ma a ce manhajojin ba iri ɗaya ba ne. Sannan RPKI bai ɗauke wa kowa tsohon aiki ba: mataci ga kowane abokin ciniki bisa IRR, rajistar da cibiyoyi ke rubuta hanyoyinsu, wanda ake iya fitarwa da manhajar bgpq4, da iyakar yawan hanyoyin da za a karɓa daga kowace maƙwabciya. Waɗannan na cikin abubuwan da shirin MANRS, da aka ƙaddamar a 2014, ke nema daga mambobinsa.

Duk wannan ya zama dole, kuma muna goyon bayansa ba tare da shakka ba. Sai dai da a ce kowane adireshin Masar yana da cikakkiyar shaida a daren 28 ga Janairu, da ba abin da ya sauya. RPKI yana tantance wanda ya yi magana ne, ba shi da abin cewa a kan wanda ya yi shiru. Har ma akwai sabon haɗari da ya zo da shi: ranar 3 ga Janairun 2024 wani ya shiga asusun kamfanin Orange na Sifen a shafin RIPE NCC da kalmar sirri mai rauni, ya canza shaidun, hanyoyin kamfanin suka zama gurɓatattu, abokan ciniki suka shafe sa'o'i cikin matsala. Asusun rajista yanzu makulli ne na cibiya baki ɗaya. Tabbatarwa mai mataki biyu a kansa ba zaɓi ba ne, kuma RIPE NCC ta wajabta ta bayan wannan lamari.

Ƙirga ƙofofi

A ƙarshen 2012 Renesys ya fitar da ma'auni mai sauƙi: a ƙirga kamfanonin cikin gida da ke da haɗi kai tsaye da kamfanonin waje. Ƙasa mai ɗaya ko biyu tana cikin haɗari mai tsanani. Mai ƙasa da 10, haɗarinta babba ne. Daga 10 zuwa 40 da sauƙi, sama da 40 kuwa da wuya a iya kashe ta. Ma'aunin bai cika ba, amma ya ɗora yatsa a inda ciwon yake.

Tun daga lokacin yankin ya yi gine-gine. An buɗe UAE-IX, mahaɗar da kamfanonin intanet ke musayar bayanai kai tsaye, a Dubai a 2012 tare da DE-CIX na Jamus, kuma ta rage yawan bayanan Tekun Fasha da sai sun je Turai kafin su dawo. A 2022 Telecom Egypt ya buɗe EG-IX tare da AMS-IX na Holan, bayan tsohuwar mahaɗar CAIX ta Alƙahira. Sababbin kebul kamar 2Africa sun sauka a Ras Gharib da Port Said. Injiniyoyin yankin suna haɗuwa a taron MENOG tun 2007, inda ake koyar da RPKI da tace hanyoyi. Amfanin mahaɗa a fili yake: idan kamfanoni biyu na gari ɗaya suna musayar bayanai a gida, kuma akwai kwafin sabobin DNS, masu fassara sunan shafi zuwa adireshi, da na manyan shafuka a wurin, tsinkewar kebul a teku ba za ta hana banki magana da reshensa ba. Amma tambayar da ta dace a yi wa kowace mahaɗa ita ce wa ke riƙe da ginin, wa ke riƙe da wutar, kuma wa aka yarda ya shigo. Sabon kebul da ya sauka a tashar mai gida ɗaya ya ƙara faɗin ƙofa ne, bai ƙara yawanta ba.

Banki, jami'a ko kamfanin intanet da ke son sanin matsayinsa zai iya yin wannan lissafi cikin yini guda. Ya buɗe RIPEstat, shafin bincike na RIPE NCC, ya sa lambar AS ɗinsa, ya ga ta bakin su wa duniya ke jin shelarsa. Ya bi kowane ɗaya daga cikinsu mataki biyu zuwa sama; sau da yawa kamfanoni biyu da aka biya kuɗi daban suna haɗewa a uba ɗaya. Ya nemi taswirar igiya daga kowannensu a rubuce, ya duba ko ramin da suka bi ɗaya ne, ko gada ɗaya suka tsallaka, ko a tasha ɗaya suka shiga teku. Sannan ya zaɓi dare mai ƙarancin aiki, ya sanar da abokan ciniki, ya rufe zance da babbar maƙwabciyarsa da gangan na minti 15, yana kallon agogo da ma'aunin lodi. Idan layin na biyu ya cika ya fara zubar da bayanai, ko wani mataci da aka manta da shi a can ya ƙi karɓar shelar, a wannan daren ne za a gani, injiniya yana zaune a gaban na'ura da umarnin buɗewa a shirye.